Mutawakkil da Baban Cikin Waya

A bakin gulbin nan namu, daga mashayar Bagudo har can sama inda ake fara jin Faransanci a bakin 'yan kasuwa, in ka ce Mutawakkil mai kunya kowa ya san wanda kake nufi. Akwai Mutawakkil mai faci, akwai na gidan liman, amma mai kunya ɗaya Allah ya yi, kuma da ya gama yin sa kunyar da aka tanadar wa sauran gari ta ƙare.

Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta rantse cewa da ya faɗo duniya bai yi kuka ba sai da matan ɗakin suka juya baya. Mahaifinsa masunci ne, ya rasu tun Mutawakkil bai iya riƙe filafili ba, sai kawunnai suka raine shi a cikin kwalekwale. An sa shi boko, ya yi 'yan shekaru, ranar da wata malama ta ce ya miƙe ya faɗi sunansa da ƙarfi a gaban aji, ya fita ta taga bai sake komawa ba. A ruwa kuwa namiji ne. In taru ya sarƙe a ƙasan gulbi shi ake kira, ya nutse har mutane su fara salati, sannan ya ɓullo yana murmushi. An ce dorina ta taɓa buɗe masa baki, ya leƙa ciki ya ce mata sannu da aiki. Amma dattijuwa ta gaishe shi a mashaya, sai ka ga ƙato yana neman inda zai sa hannuwansa.

Wannan kunyar ce ta aurar da shi. Ya ga Sailuba, ɗiyar Malam Ma'azu na Geza, manomin albasa mai kai kaya kasuwannin ƙetaren iyaka. Dangin Malam suka taso, wai yaya manomi zai ba mai ƙarnin kifi ɗiya. Malam Ma'azu ya bar su suka gaji da magana, sannan ya ce, "Yaron ga shina da kunya. Ita na gani, ita na ba ɗiyata."

Maganar nan ita ce dukiyar Mutawakkil. Ba shi da shanu, ba shi da gona, kwalekwalensa ma rabinsa faci ne, amma yana da wannan magana, kuma ya riƙe ta kamar ƙwai a tafin hannu. Bai taɓa furta sunan surukinsa ba. Baba yake cewa. In wani ne ake kira Ma'azu, sai ya ce mai sunan Baba. In zai je Geza, tun daga tsamiyar bayan gari yake cire takalmi, ƙaya ta yi ta cinsa har ƙofar gida. Bai taɓa cin abinci Malam yana gani ba. An ce akwai ranar da Malam ya shigo yana da loma a baki, haka ya riƙe ta har aka yi sallama bayan la'asar.

Ana nan sai Malam Ma'azu ya dawo daga wata kasuwar Benin da waya mai shafawa. Mai shagon ya sa masa layi, ya rubuta masa sunansa a ciki, ya cika ta da tarkace, komai da Faransanci. To Malam kunne ya fara nauyi, Geza kuma sai ka hau tudu kake samun sabis. Ya kira Mutawakkil ya miƙa masa.

"Riƙe wagga. Masu albasa in sun kira, ka amsa, ka aiko min da saƙo. Kai na yarda da kai."

Mutawakkil ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya kawo ta gida a naɗe cikin hula.

Wayar tana cin wuta kamar injin ban ruwa, don haka kullum sai ya kai ta rumfar Bilyamin mai caji, kusa da mashaya. Tun da Shari'a ta zo aka kwashe karta daga gindin itatuwa, matasa suka rasa abin yi da hannu, rumfar Bilyamin ta zama majalisa. Bilyamin ne, garin tone-tone, ya gano wasan a cikin wayar. Babu wanda ya iya karanta sunansa, sai aka sa masa Gangara.

Ga yadda yake. Wani ɗan mutum ne yake tsaye a bakin rami, da fitila a hannu ɗaya, adda a ɗayan. Ka gangara da shi ƙarƙashin ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, hawa bayan hawa, kullum ƙasa. Duhu ne ko'ina, iyakar ganinka iyakar hasken fitila, mai kuma yana raguwa. A cikin duhun akwai ƙwarangwal masu tafiya, da gizo-gizo girman ɗan maraƙi, da wani abu da ba a taɓa ganin fuskarsa ba sai dai a ji numfashinsa. Rai ɗaya ne. In an kashe ka babu lallashi, a mayar da kai bakin rami hannu wofi, ɗakunan kuma duk sun sake tsari, hanyar da ka haddace jiya yau bango ce. Sai a ƙara maka kabari guda a wata maƙabarta da ke gefe, da suna a jikin dutse.

Saboda duhunsa, in rana ta haska gilashin ba ka ganin komai. Dole mai wasa ya lulluɓe kansa da zane. Bilyamin ya tura wasan a wayoyin mutane, kafin wata ya zagayo in ka wuce rumfarsa da hantsi sai ka ga ƙatti a jere, kowa a lulluɓe, kamar amaren da aka manta ba a kai su ɗaki ba. Wani ya zabura, wani ya yi salati, wani ya zagi gizo-gizo har kakarsa.

In an yaye zannuwa sai gardama. Lauwali ɗan acaba, wanda ya fi kowa mutuwa, shi ya fi kowa baki.

"Wanga wasa zalunci ne tsantsa! Ka sha wahala ka tara makamai, ɓera guda ya cije ka, a ce koma farko? Wanda ya ƙera shi ba shi da uwa."

"Shi ne daɗinsa," in ji Bilyamin. "Wasan ƙwallo in an ci ka sai ka danna a sake. Wanga ko shina koya maka hankali. Ni tun da na fara shi ko masai zan shiga sai na leƙa."

"Hankalin mi? Jiya na kai inda ban taɓa kaiwa ba, na ga akwati, na buɗe, akwatin ya cinye ni. Akwati fa!"

"Kwaɗayinka ya cinye ka, Lauwali."

Wani ya ce shi sautin ne ba ya so, numfashin nan yana bin sa har gona. Wani ya ce ba ya buga shi sai da alwala. Wani ustazu ya leƙo ya ce wannan harkar aljanu ce, a bari. Bilyamin ya nuna masa maƙabartar, ya ce wane wa'azi ya fi wannan tuna wa mutum lahira. Ustazu ya karɓi wayar don ya tabbatar, ya lulluɓa da rawaninsa, ba a sake jin muryarsa ba sai da aka kira azahar.

Mutawakkil ba ya gardama, amma ya fi su duka iyawa. Mutumin da ya saba laluben taru a ƙasan gulbi, duhu ba baƙonsa ba ne. In an matsa masa ya faɗi ra'ayinsa, sai ya ce, "Ni dai abin da nike so, ba shi da gaggawa. In ka tsaya ka saurara, shina gaya maka inda abin yake." Shi ke nan, ya koma cikin zane.

Matsala ɗaya ce. Wasan yana ɗaukar sunan mai waya ya liƙa wa ɗan mutumin. A wayar Lauwali, Lauwali ne ke gangarawa. A wayar Mutawakkil kuwa, harafi biyar ne a saman kan mai fitilar, baƙaƙe ƙarara: sunan surukinsa. Ranar da ya fara gani sai da ya ajiye wayar ya goge hannu a riga. Ya roƙi Bilyamin ya canja, Bilyamin ya yi ta danne-danne, amma Faransancinsa bai wuce ƙirga kuɗi da tambayar ina masai ba.

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Bai tsaya ba. Sai ya ɓullo da wata dabara irin ta masu kunya: ya ci gaba da wasa, amma cikin ladabi. Kowa a rumfar cewa yake "na mutu", ko "an kashe ɗan banza". Mutawakkil ba zai iya haɗa wannan suna da wannan kalma ba. In abin ya faru, sai ya yaye zane a hankali ya ce, "Baba ya rasu." In ya sami makami, "Baba ya samu gatari." In mai ya ƙare, "Fitilar Baba ta yi ƙasa, ku sa shi a addu'a." 'Yan rumfa suka saba har suka daina dariya. Kuma don kada mai albasa ya kira a tsakiyar faɗa, kafin ya fara sai ya danna alamar jirgin sama, layi ya rufe. Yana cewa a ransa ai ɗan lokaci ne.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwa ce, da hantsi. Mutawakkil ya daɗe yana lallaɓa wani Baba guda, kwana da kwanaki, har ya kai shi zurfin da babu wanda ya taɓa kaiwa a duk ƙaramar hukumar. Sulke, gatari, fitila biyu. Sai ga wata ƙofa. Ya tsaya ya saurara, shiru. Ya buɗe. Abin nan mai numfashi ashe a bayansa yake.

Ya yaye zane. Idanunsa sun yi jawur don kallon gilashi, hawaye na zuba, gumi ya jiƙe shi. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu."

Daidai nan Dela mai bandar kifi ta iso karɓar wayarta, da kwando a kai. Dela mace ce ta kirki, amma in labari ya shiga kunnenta ba ya zama ya sha ruwa. Ta san mahaifin Mutawakkil ya daɗe a ƙasa, Baba ɗaya ya rage masa. Ta sauke kwando.

"Wane Baba? Lauwali, wa ya rasu?"

Lauwali yana cikin zanensa, gizo-gizo ya tsare shi a lungu. Bai ko ɗago ba.

"Ma'azu mana. Rami ya ci shi."

To a makon nan kowa ya san Malam Ma'azu yana haƙa rijiya a lambunsa. Dela ta ɗora hannu a ka, ta bar kwandon, ta bar wayar, ta yi cikin kasuwa. Kafin Lauwali ya gama da gizo-gizonsa, labari ya hau babur, ya shiga kwalekwale, ya tsallake iyaka ba wanda ya tambaye shi takarda. Masu albasa na Benin suka kira layin Malam, a kashe. Dangi suka kira, a kashe. Aka ce shi ke nan, ta tabbata. Wata maƙwabciya ta faɗa wa Sailuba, ta saki tukunya a kan wuta, ta saɓa goyo, ta hau babur sai Geza, tana kuka tana kiran mijinta, shi ma layin ke nan, a kashe.

Mijin nata kuwa ya share hawaye, ya sha ruwa, ya koma cikin zane. An ba shi sabon Baba a bakin rami, yana duba masa fitila, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Wani dattijo ne daga cikin abokan mahaifinsa, ya durƙusa a gabansa.

"Mutawakkil, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Mutawakkil ya ji daɗi har ransa, wai ashe har manya sun san zurfin da ya kai.

"Ba komai, Kawu. Ganganci na ne, ni na buɗe mishi ƙofa. Amma ga shi na sake tashe shi."

Dattijon ya ja da baya har ya taka kwandon Dela.

"Ka tashi wa?"

A nan ne Bilyamin, wanda ya fara hango jama'a suna tahowa cikin fararen kaya, ya gane. Ya fizge wayar, ya cire alamar jirgin. Wayar ta kama ruri kamar an taka wutsiyar kare, kira kan kira, ba ta numfashi. Mutawakkil ya kalli wayar, ya kalli dattijon, ya kalli gulbi. Waɗanda suke wurin sun ce ya yi taku biyu zuwa ruwa, da niyyar ya nutse ya zauna can wurin tarwaɗa har tashin duniya. Lauwali ne ya riƙe shi ya ɗora a babur.

Abin da ya faru a Geza kafin su iso, sai dai a ba ka labari. Malam Ma'azu ya dawo daga lambu da fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa, ya tarar da ƙofar gidansa cike da tabarmi. Ya yi sallama ya ce wa ya rasu. Maza suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya haura danga. Mata a cikin gida suka canja kukan zuwa wani iri. Sailuba ce kaɗai ta tsaya ta taɓa hannunsa, ta ji laka ce ta gaske, sai ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Wani abokin cinikinsa har ya iso daga ƙetare da yadin likkafani a ƙarƙashin hammata, ya rasa inda zai ɓoye shi.

Mutawakkil ya sauka a tsamiya ya cire takalmi. Tafiyar nan daga tsamiya zuwa ƙofar gida, ya ce ta fi masa Makka nisa. Jama'a suka dare masa hanya. Malam yana zaune a kan buzu, ya wanke ƙafa, ya sa farar riga. Mutawakkil ya zube tun daga nesa, goshinsa kusan a ƙasa.

"Matso, ba ni ji," in ji Malam. "An ce kai ka fara sanin rasuwata."

"Baba, ba ku ba ne. Wato ku ne, amma na cikin waya."

"Akwai ni a cikin waya?"

"Akwai... mai sunanku, Baba. Shina da fitila."

"Shina mi da fitila?"

"Gangarawa shikai, Baba."

"Zuwa ina?"

Mutawakkil shi kansa bai taɓa tambayar zuwa ina ba.

Malam ya miƙa hannu. Dole Mutawakkil ya rarrafa, ya buɗe wasan. Rana ta hana gani, sai Malam ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da na surukinsa tare. Mutumin da bai taɓa yarda inuwarsa ta taɓa ta Malam ba, yau ga shi kai da kai da shi a cikin riga ɗaya, gaban jama'ar ƙasa biyu. Wurin ya yi tsit, ana jin muryoyinsu daga ciki.

"Waɗanga duwatsu fa?"

"Maƙabarta ce, Baba."

"Dukansu ni ne?"

"Dukansu, Baba."

"Kai! Ta fi ta garinmu cika. Wanga mi ya kashe ni?"

"Gizo-gizo, Baba."

"Wanga fa?"

"Kun ci wani naman kaza."

"Ni da hannuna?"

"Yunwa kunka ji, Baba."

"Masu albasa in sun kira ina cikin ramin ga, wa ka amsa musu?"

Rigar ta yi shiru har wata akuya ta gaji ta yi kuka. Da Malam ya yaye ta, fuskar Mutawakkil ta jiƙe sharkaf, kuma wannan karon ba gilashi ne ya jawo ba.

Malam bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya dubi danginsa, waɗanda suka so hana auren a da, ga su nan a gaba-gaba, bakinsu cike da magana suna jira a ba su dama.

"Ku bar abin da ke bakinku," ya ce. "Yaro ya kashe ni ya fi a ƙirga, bai taɓa cewa na mutu ba, bai kuma kama sunana ba. Kunya tana nan. Hankali ne ya yi tafiya." Ya juyo wurin Mutawakkil. "Kai kuma, inda labarin ga ya je, ƙafarka za ta je. Gida gida. Ka ce musu ban rasu ba, kuma ka faɗa musu wanda ya rasu. Kada ka rage komai."

Ya miƙa masa wayar. Mutawakkil ya ƙi karɓa.

"Karɓi. In na amshe ta, ka huta ke nan."

Haka Mutawakkil ya yi kaka guda yana mayar da ta'aziyya. Da kwalekwale, da babur, da ƙafa, wannan gaɓa da waccan. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya durƙusa, ya ce Baba yana gaishe ku, bai rasu ba. A ce to wa ya rasu? Sai ya fara daga fitila. A garuruwan Dandawa sai an samo mai fassara, ya faɗa da Hausa a yi dariya, a juya da Dandanci a sake yin wata. Wata tsohuwa ta sa ya maimaita mata wurin naman kaza har ta ƙware da dariya aka kawo mata ruwa. Sailuba ta daɗe ba ta yi masa magana sai ta bakin yara, kuma har yau in ya yi jinkirin dawowa daga kamun kifi, takan ce, "An gangara ne?"

Yanzu ya fara furfura, ya yi sabon kwalekwale, masu albasa kuma sun shaida ba a taɓa kiran layin nan ya yi ƙara biyu ba a ɗauka ba, ko yana tsakiyar gulbi. Har yanzu yana zama a rumfar Bilyamin, amma ba ya lulluɓa. In gardama ta tashi a kan Gangara, Lauwali yana zalunci ne, Bilyamin yana tarbiyya ce, aka ce Mutawakkil kai mi ka gani, sai ya sunkuyar da kai ya ce wasa ne mai kyau ga wanda sunansa ne a ciki.

Bai goge shi daga wayar ba. Bilyamin ya ce kawo in cire maka, ya ce a'a, akwai mutum a ciki. Baban nan na ƙarshe da aka ba shi ranar kasuwa, wanda bai kai ga gangarawa da shi ba, yana nan tsaye a bakin rami, fitilarsa cike da mai. Duk sanda Mutawakkil ya je Geza gaisuwa, ya zube a inda ya saba, Malam Ma'azu yakan bari sai mutane sun taru, sannan ya karkato kunnensa mai ji.

"Mutawakkil, ina nike yanzu?"

"Kuna bakin rami, Baba. Lafiya lau."

"To, a bar ni nan."